Inda Baba Yake Tsayawa Kallon Dutse

Wanda ya ba mu aron Baba ya karɓi abinSa ranar wata Talata da hantsi, mu da muka rage kuma mun san can ɗin muka nufa. Baba mahaifin matata ne. Ya gama wanke motarsa a ƙofar gidanmu na Al Wukair, ya shigo ya ce ƙirjinsa ya yi masa nauyi, ya kishingiɗa a falo. Kafin motar asibiti ta iso rai ya yi halinsa.

Ban san akwai Hausawa da yawa haka a Doha ba sai ranar. Direbobi sun zo da rigunan aikinsu, masu gadi sun sauka daga duti ko runtsawa ba su yi ba suka wuto. 'Yan Zongo, Hausawan Gana, sun zo ayari guda. Har wani bakanike Basudane ya rufe garejinsa ya biyo mu makabarta, yana kuka yana faɗa wa duk wanda ya tsaya kusa da shi cewa marigayin bai taɓa kawo masa mota da datti ba. Da muka dawo aka shimfiɗa tabarmi a inuwar rumfar motoci, to a nan na lura da wani abu: duk wanda ya shafa fatiha, kafin ya tashi sai ya waiwaya ya dubi farar jif ɗin Baba, wadda yake kira Tsohuwa.

Amininsa, wani dattijon direba ɗan Zongon Kumasi, shi bai ma zauna a tabarma ba. Ya je ya dafa bonet ya tsaya.

"Wannan mota shi ma ya zama maraya," ya ce da irin Hausarsu. "Shekaranjiya ya sa masa sabon taya. Ya ce min, abokina, tafiya ya kusa. Ashe ba wanda muke nufi ba ne."

Baffa, ƙanin Baba, wanda yake shugabantar masu gadi a wani gini a Al Sadd, bai zubar da hawaye a gaban mutane ba. Waya ya riƙe yana ta magana da gida, muryarsa a dashe.

Inna kuwa, matar marigayin, ba wanda ya ji kukanta daga waje. Da yamma ta aiko matata da tambaya ɗaya tak. Matata ta same ni a bakin ƙofa ta ce, "Inna ta ce wai motar tana nan?"

Na san abin da tambayar take nufi. Inna ta zo daga Funtua ne saboda haihuwar 'yarmu, kuma Baba ya yi mata alkawarin da sanyi ya shigo zai ɗauke ta a Tsohuwa ya kai ta umara ta ƙasa, ta ga hanyar da ya shekara da shekaru yana ba ta labari a waya. Yanzu ga takaba a gabanta, kuma da ta fita 'ya'yanta maza suna jiran ta a gida. Idan ta hau jirgi ta koma ba ta ga hanyar nan ba, ba za ta ƙara samun mai kai ta ba. Na ce wa matata ta gaya mata motar tana nan, kuma ba inda za ta.

Ba zan rubuta sunansa ba. Ban taɓa furta shi yana raye ba, ba kuma yanzu zan fara ba. Waɗanda suka san shi sun san wanda nake nufi, waɗanda ba su san shi ba kuma don su nake wannan rubutu, saboda ba na so a ce mutum irinsa ya wuce abin da ya rage kawai shi ne lambar kabari a ƙasar da ba tasa ba.

Direban babbar mota ne tun a gida, kafin ya zo Qatar ya yi wa wani gida tuƙi har yaran da yake kai wa makaranta suka yi aure. Da kafil ɗinsa, wato ubangidansa, zai canza mota sai ya bar masa tsohuwar, wannan ita ce Tsohuwa. Wani da ya samu mota irin wannan sai ya sayar ya aika gida. Baba ya ga hanya ce Allah ya ba shi. Duk lokacin da ya samu hutu sai ya cika ta da 'yan'uwa, a kama titin Salwa, a ƙetare iyaka a Abu Samra, a ratsa gonakin dabinon Hufuf, a shiga jan rairayi, a wuce Riyad, a miƙe har Ɗa'ifa, a gangara Makka. Kakansa da ƙafa ya je aikin hajji, ya shekara bai dawo ba har aka fitar da rai, kuma Baba yana ganin abin kunya ne jikan wannan mutum ya je Makka bai san ƙasar da ke tsakani ba.

Ya tsani jirgin sama tsana mai ban dariya. "Wannan ai ba tafiya ba ce, aike ne," haka yake cewa. "A naɗe ka a ɗaure, a miƙa ka, wani ya karɓa a can." Ba ya kunna rediyo a hanya. Ba ya wuce motar da ta tsaya da bonet a buɗe, ko da kuwa mai ita ya ɗaga hannu ya ce ba komai. Idan ya ga ɗan masallacin gefen titi da yashi ya cika, sai ya tsaya ya ciro tsintsiyar da ke ƙarƙashin kujerarsa. Yakan bar jarkar ruwa a bakin ƙofar, ya ce wani na tafe. Idan za a tashi kuma ba ya cewa yalla, wato mu je, kamar kowa, sai ya shafa sitiyari ya ce, "To, Tsohuwa, a yi haƙuri da mu."

A shekarun da aka rufe iyakar Saudiyya ya yi rama kamar mai jinya. Ranar Juma'a bayan an sauko sai ya ja mota ya nufi Zikrit, ya zauna gaban 'yan fararen duwatsun can da iska ta sassaƙe. Ya ce waɗannan jikokin duwatsu ne, amma da babu gara a gaisa da su.

Yadda na shiga tafiye-tafiyen nan, matata ce ta jefa ni. Ba mu daɗe da aure ba gwiwar amininsa ta fara ciwo, Baba yana neman wanda zai riƙa karɓar sa tuƙi, ita kuwa ta buɗe baki ta ce ai mijinta ya iya. Ni da aikina sayar da magani a wani kanti a Al Mirqab, iyakar tuƙina daga gida zuwa aiki. Amma ba tuƙin ne ya tayar min da hankali ba. A gidanmu an yi mana tarbiyyar cewa suruki ba abokin zama ba ne. Ka gaishe shi a durƙushe, ka sunkuyar da kai, ka yi gaba. Ba ka haɗa ido da shi, ba ka dariya da ƙarfi, uwa uba ba ka cin abinci a gabansa. Sai ga ni za a kulle ni da shi a kujerar gaba, kafaɗa da kafaɗa, daga bakin teku har Makka.

Matata ta cika mana kula da shinkafa da wake, ga dambun nama, ga filas na shayi. Muna wuce Hufuf aka buɗe kula a cikin mota, ƙamshi ya tashi. Baba ya ce, "Bismillah." Na ce, "Alhamdu lillahi, Baba, na ƙoshi." Ƙarya nake, ko karin kumallo ban yi ba saboda zullumi. Na baya suka fara tsokana, amininsa yana cewa wannan yaro zai mutu da kunya a ƙasar mutane. Baba bai sa baki ba, bai kuma sake yi min tayi ba.

Bayan Riyad kaɗan akwai inda ƙasa take yankewa. Titi yana tafe a miƙe, sai kawai ya kutsa tsakanin duwatsun Tuwaiƙ ya gangara ƙasa. Kafin gangaren akwai wani fili a gefen titi. Nan Baba ya faka ya kashe mota.

"Kowa ya sauko ya ga ikon Allah," ya ce. Na kama murfin ƙofa zan fita, sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Kai zauna ka tsare mota."

Suka tafi can bakin dutsen suka ba ni baya. Na duba hagu na duba dama, jejin da ko akuya babu, wai ni ne mai gadi. Raina ya ɗan sosu, ba zan ɓoye ba. Amma ga kula a kusa da ƙafata, ga yunwa tana neman kayar da ni. Na buɗe na ci kamar ɓarawo, na sha shayi, na goge baki, na mayar da murfi na zauna kamar ban taɓa motsi ba. Can sai ga su sun dawo, Baba yana ba su labarin tsohuwar hanyar raƙuma da aka jera wa duwatsu a jikin tsaunin, wadda mahajjatan zamanin da suke bi.

Haka muka yi ta yi shekara da shekaru. A Tuwaiƙ ya tsaya, a jan rairayi ya tsaya, a saman Hada kafin a gangara Makka ya tsaya wai a ga birai da hazo. Ko'ina kowa ya sauka, ni in tsare mota. Na mayar da abin dabarata, har ina yaba wa kaina wayo. Hotunan wuraren nan a wayar mutane na san su. Idan abokan aikina suka tambaye ni yadda kwazazzabon yake, sai in kwatanta musu abin da na ji Baba yana faɗa.

Wannan tsaye-tsayen ne ya haɗa shi faɗa da Baffa, faɗa ɗaya da na taɓa gani ya yi. Baffa mutum ne mai agogo, hutunsa kaɗan ne, ya biyo mu sau ɗaya. Ya haƙura da sharar masallaci, ya haƙura da wani Bapakistane da muka tsaya muka ba ruwan lagireto. Da aka zo Tuwaiƙ Baba ya ce a sauko, sai ya fashe.

"Yaya, wai umara muka zo ko yawon buɗe ido? Dutse ne fa. Akwai shi a Kwatarkwashi."

"Sauko," in ji Baba.

"Ba inda zan je. Khalas, na gaji. Ku je ku gani, ina nan."

Ban taɓa ganin ran Baba ya ɓaci irin na ranar ba. Ya zagayo ya buɗe ƙofar da kansa ya tsaya riƙe da ita har Baffa ya sauko yana huci. Daga nan ba su ƙara magana ba, tafiyar yini guda, mota ta yi tsit sai ƙarar taya. Sai da muka isa miƙati za a ɗaura harami Baba ya je ya sayo shayi kofi biyu, ya miƙa wa ƙaninsa ɗaya ya ce, "Ba zan yi Labbaika da fushinka a wuyana ba." Baffa ya karɓa, suka sha. Amma ya rantse shi da hanyar ƙasa har abada, kuma ya riƙe rantsuwarsa. Ni dai a lokacin na ɗauka taurin kan tsofaffi ne kawai.

Zuwan Inna ya mayar da Baba yaro. Ya canza tayoyi, ya sa aka gyara na'urar sanyi, ya sayo matashin da za ta jingina saboda bayanta. Ya sa matata ta nemo mata takardun shiga. Idan ya zo ganin jikarsa sai ya zauna yana zana mata hanyar da yatsa a kan darduma, ita kuma tana cewa, "Malam, ka faɗa min wannan tun ina da ƙarfin tafiya." Ya ce, "To yanzu ai ba ke za ki taka ba." Ni kuwa tun da ta sauka a gidan na koma cin abinci a wurin aiki, ko a mota idan na dawo. Sanyin da yake jira ya fara shigowa ke nan aka yi rasuwar.

Bayan sadakar bakwai Baffa ya tara mu. Ya ce shi ma ya san da alkawarin, kuma ba zai bari ya faɗi ba: da ta fita takaba zai sa ta a jirgi zuwa Jidda, ta yi umararta cikin hutu, daga can ta wuce gida. Magana ce ta hankali, kowa ya gyaɗa kai. Shi ma surukina ne, ban taɓa yi masa musu ba. Amma na ji idan na yi shiru ranar, na ci amanar mutumin da na zauna kusa da kafaɗarsa duk shekarun nan.

"Baffa, a gafarce ni," na ce, kaina a ƙasa. "Ba umara kaɗai ya yi mata alkawari ba. Hanyar ya ce zai nuna mata. Ni zan kai ta."

Ya dube ni kamar bango ne ya yi magana. "Kai? Kai da ko ruwa ba ka iya sha a gabanta? Gangaren Hada fa? Ka taɓa sauka da kanka?"

"Ban taɓa ba. Kullum shi yake karɓa. Amma na ga yadda yake yi, a giya yake sauka, ba a birki ba."

"Idan wani abu ya same ta a jeji, me zan ce wa 'ya'yanta?"

"Ka ce musu ni na nace."

Bai amince ba ranar, bai kuma amince a mako na gaba ba. Na bar shi, na kama abin da zan iya. Duk Juma'a ina tayar da Tsohuwa in kai ta Zikrit in dawo don kada ta kwanta. Na kai ta wurin Basudanen nan ya duba ta ciki da waje. Na nemi hutu aka hana ni, na sake nema, na karɓi dutin mutane na watanni don su riƙe min nawa. Matata ma ta yi nata faman a asibitin da take aikin jinya. Ana cikin haka wata rana Baffa ya tambayi Inna da kansa, ta bayan labule, wanne take so, jirgi ko hanyar ƙasa. Ta ce, "Wanda Malam ya ce." Daga nan bai ƙara tayar da maganar jirgi ba.

Ranar tafiya da sassafe sai ga shi da motar aro, ya ce rakiya ya zo. Ya bi mu a baya tun daga Al Wukair har Abu Samra. A nan ya leƙo ta tagata, idanunsa jawur, ya ce, "Idan ta ce a tsaya, ka tsaya. Ko sau nawa ne."

Mun isa lafiya, na sauka Hada a giya, Inna ta yi umararta, yanzu haka tana Funtua cikin jikokinta. Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami a Tuwaiƙ ya faru.

Inna da matata da jaririya suna baya, ni kaɗai a gaba, kujerar Baba ba kowa sai kula. Mun kwana a Hufuf, muka yi sammako, kuma tun safe ban sa komai a bakina ba. Matata ta yi min tayi na ce na ƙoshi. Zafi ya riga ya fara, don takabar ta cinye sanyin. Inna ba ta yi magana da ni kai tsaye ba tun da muka taso, sai dai in ji tana salati a hankali idan rairayi ya canza launi. Muna fita Riyad na fara neman filin da ido, ina tunanin yadda zan ce mata ga wurin. Ban kai ga buɗe baki ba ta ce wa matata, "Ki ce wa mijinki ya tsaya a nan."

Na faka. Ta gyara lulluɓinta ta ce wa 'yarta, "Ɗauko yarinyar, taso mu je."

"Inna, rana fa. Ki bari ya matsa da motar kusa, ki gani ta gilashi."

"Taso na ce. Shi ya tsare mota." Ta sa ƙafa ɗaya a ƙasa, sannan ta ƙara da muryar da ta san zan ji. "Haka babanki ya ce min. Ya ce idan mun zo nan kowa zai sauka, kuma kada wanda ya waiwayo sai an ji ƙarar murfin kula. Ya ce yaron nan ba ya cin abinci a gabansa, kuma ba zai bar ɗan mutane ya yi masa tuƙi da yunwa ba."

Suka tafi suka ba ni baya.

Na daɗe zaune hannuna a kan sitiyari. Na tuna ranar da ya tsaya riƙe da ƙofa har Baffa ya sauko. Na tuna duk wayon da nake yaba wa kaina. Na yi kukan da ban yi a makabarta ba, na yi shi sosai, don na yi kewarsa kuma ban taɓa ce masa na gode ba sai a durƙushe, kaina a ƙasa. Sannan na tuna Inna tana tsaye a rana tana jira na. Na jawo kula na buɗe, na ci abincin nan da hawaye da komai, na ci har na ƙoshi. Na ɗaga murfin na rufe da ƙarfi yadda za a ji.

Matata ce ta dawo ita kaɗai, jaririya a kafaɗa, fuskarta jiƙe.

"Inna ta ce ka zo. Wai Baba ya ce sau nawa yana kawo ka nan ba ka taɓa gani ba, kuma abin yana damunsa. Ni zan tsare motar."

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yalwata masa makwanci fiye da filin da ya so, Ya shayar da shi kamar yadda ya bar wa matafiya ruwa a ƙofar masallatan da ba kowa.

Na sauka na taka zuwa bakin dutsen. Na tsaya nesa kaɗan da Inna, yadda ya kamata. Ƙasa ta yanke a gabana, tsaunuka ja kamar ƙonannen tubali sun miƙe hagu da dama har inda ido ya gaza, kwari a shimfiɗe can ƙasa, motoci suna rarrafe a cikinsa. Inna ba ta dube ni ba. Ta ɗaga hannu ta nuna wani siririn layi da ya nannaɗe jikin tsaunin, ta ce, kamar da iska take magana, "Ga hanyar raƙuman can."